Ranar da Na Narkar da Ƙanƙara

Yaya Muhibbat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? Ya mutanen Sabo?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Sai dai ƙungiyar wasan hoki (wasan sanda a kan ƙanƙara) da nake gyara wa fili a nan Kanada ta rushe. Shekara arba'in tana wasa, har 'yan kallo suka daina zuwa. Shekara tara ina lallaɓa ƙanƙarar nan, jiya ni aka sa na kashe injin sanyin, na tsaya ina share ruwa.

Kin tuna Inna zaune gaban firiza in an ɗauke wuta, ƙanƙarar sayarwarta tana narkewa, mu kuwa muna ta dariya? Ki roƙa mini gafararta. Maganar aikin kuwa, kada ta ji.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙanenki,
Zainulabidin