Goge Ba Ya Numfashi

Dutsin-Ma, 2 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga yayana Mahmuda mai algaita,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya.

Rabona da rubuto maka tun da na aje algaitar Baba na shiga badujalar soja. Yau buƙata ta kawo ni. Watan gobe za a yi taron tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin Bama, mu huɗun da muka rage cikin 'yan badujalar za mu busa. Akwai wani kiɗan Turawa da marigayi Saje Audi ke so, na makaɗa arba'in ne. Na raba shi ga saksofon huɗu, wato ƙahon Turawa da muke busawa, babba ya ɗauki muryar ƙasa, biyu tsakiya, ni sama. Wuri guda ya gagare ni. A kiɗan na asali goge ke jan shi, dogo, ba yankewa, shi ko goge ba ya numfashi. In na tsaya shaƙar iska, kiɗan ya mutu. Don Allah ka koya mani yadda Baba ke busa yana shaƙa ta hanci.

Ƙanenka,
Rabe

Kurfi, 9 ga Oktoba

Rabe,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Sai da ƙahon Nasara ya shaƙe ka ka tuna da gida? Baba ya cika yana tambayar ka. Yanke kiɗan, mamata ba su sani ba.

Wassalam,
Mahmuda

Dutsin-Ma, 13 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gwada yankewa, zuciyata ta ƙi. Audin nan shi ya goyo ni cikin daji da harsashi a cinyata, bai aje ni ya huta ba. Zancen Baba kuwa, ba ni da bakin magana. Kunya ta hana ni zuwa, har yau ita ke cina.

Ka huta lafiya,
Rabe

Kurfi, 20 ga Oktoba

Ƙanena,

Ina amsawa. Haƙorana na gaba sun zube bara, algaita na rataye, ɗiyana kuma ba mai so. Abin na damuna ƙwarai, ban faɗa ma kowa ba.

Taho. Da kara da ƙwaryar ruwa za ka fara, kana hurawa kada kumfa ya yanke, kamar ɗan shekara bakwai. Mata za su yi maka dariya, ka jure. Na sa an share ɗakin Baba, nan za ka sauka.

Allah ya kawo ka lafiya,
Mahmuda