Dardumomin Jirgin Lakwaja

Burutu, 9 ga Agusta, 1954

Zuwa ga Yaya Ummulkhairi, Tudun Wada, Zariya.

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna?

Na sami aiki a jirgin ruwa mai zuwa Lakwaja, ni ke ɗage dardumomin ɗakunan Turawa in wanke. Ranar farko na shanya da hantsi, na naɗe da la'asar kamar a gida. Ashe nan ba Zazzau ba ce, iskar ma jiƙe take. Cikin kwana biyu suka yi funfuna. Saura kaɗan a kore ni, sai shugabanmu Baba Ndagi, wani dattijo Banufe, ya ce laifinsa ne, shi bai nuna mini ba.

Yaya, da za ki ga aikin mutumin nan. Ta baya yake kaɗe darduma, ya goge ta bisa kwanciyar gashinta, kuma ba ya naɗewa sai ya kara kuncinsa ya ji babu sanyi. Shekara talatin bai taɓa taka ɗaya da takalmi ba.

Kada karkacewar rubutuna ta dame ki, sabulun soda ne ya ɗan tsattsaga mini yatsu.

A aiko mini da daddawa. Dardumar sallar Babanmu kuwa, kada kowa ya wanke ta sai na zo.

Ƙanenki,
Mika'ilu