Dattijon Gidan Kallo

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina Baba, ina su Balkissa? Ni lahiya nike a Malanville, nan ƙetaren kogi, sai ɗan ciwon baya na dakon albasa.

Ran Juma'a na shiga gidan kallo, ana nuna katun ɗin Japan: wani da abokai suka yi ma sharri aka kulle shi, ya dawo shina ramuwa. Dattijon da ke kusa da ni ya ce, "Wannan ya cika gaggawa, ɗan Bukari. Ni na fi shi haƙuri."

Ba wanda ya san sunan Baba a nan. Inna, hannun dattijon nan babu babban yatsa, kamar Kawu Hambali da Baba ya ba da shaida a kanshi, wanda kuka ce ya mutu a kaso.

Don Allah kada Baba ya ƙetaro gada cin kasuwa. Mutumin ya tambaye ni ranar da Baba ke zuwa.

Ɗanki,
Ma'u