Kujerar Baba a But ɗin Mota

Litinin, 5 ga Mayu

Motar nan tana shan mai kamar da gayya. Na kai ta wurin bakanike, ya duba ya ce lafiyarta lau, ƙafata ce ke da nauyi. Wai in daina taka totur kamar ana korata, in riƙa duba iskar taya, in rage esi, in daina barin inji yana aiki a tsaye. Da ya buɗe but sai ya yi dariya: "Hajiya, ƙaura za ki yi? Duk kayan nan mai suke sha." Na ji kunya, amma na ji daɗi, ko ba komai na samu abin da zan ɗora wa laifi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kwashe but tas. Tsofaffin takardun ofis, jarkar ruwa, takalman da na manta ina da su. Har da kujerar ƙarfen Baba mai naɗewa, wadda yake zama a kai a shagon abokinsa tela. Kullum da safe sai na ratse na sauke shi can kafin in wuce aiki, su wuni suna musu a kan labaran rediyo. Tun rasuwar Mama fitarsa ke nan guda ɗaya. Na ce masa ai akwai benci a shagon. Ya ce, "Akwai." Na san bencin ba shi da wurin jingina, na san bayansa. Na yi kamar ban sani ba.

Talata, 13 ga Mayu

Allurar mai ta fara jin magana. Na zama malama, har a ofis ina yi wa mutane wa'azin iskar taya. Abokiyar aikina ta ce saura in fara tura motar da hannu.

Laraba, 14 ga Mayu

Baba yana daɗewa kafin ya shiga mota, gwiwa ɗaya sai ta nemi izinin ɗaya. Da, barin injin nake yi a kunne, esi na aiki, ya tarar da sanyi. Yau na kashe, na zauna ina jira, kuma na yi tsaki. Ƙarami ne, amma ya ji. A hanya kuma bakina bai yi shiru ba, na kama lissafa yadda ratsen shagon tela ke cin mai: cunkoso, danja, ga ramuka. Wallahi da titin nake, ba da shi ba. Ya riƙe sandarsa tsakanin ƙafafunsa yana kallon waje, gumi na bin wuyansa.

Litinin, 19 ga Mayu

Ya ce ba zai fita ba. "Uwata, wuce abinki. Ni ma ai kaya ne, na fi kujerar nauyi." Da dariya ya faɗa, ni ma na yi dariya. Ya kamata in ce wani abu. Na ɗauki makulli na fita, na isa ofis da wuri.

Juma'a, 23 ga Mayu

Mako ya ƙare ban shiga gidan mai ba. Abin da nake nema ke nan, to me ya sa ba na murna? Na dawo na same shi a falo, rediyo na magana, yana ba ta amsa shi kaɗai. Hularsa ta fita tana rataye a ƙusa.

Litinin, 26 ga Mayu

Baba tela ya kira wayata, wai ta Baba ba ta shiga. "'Yata, yaya gwiwar abokina? Ya ce min ciwon ya hana shi ko taka ƙofa." Ashe haka ya gaya masa. Ya rufa min asiri, ya ɗora wa gwiwarsa. Na ce da sauƙi. Sai ya ce to a yi ƙoƙari a kawo shi, don ranar Asabar zai rufe shagon gaba ɗaya. Idonsa ya daina ganin kafar allura, ɗansa zai zo ya tafi da shi garin da yake aiki. "Ai ya sani, tun farkon wata na gaya masa."

Tun farkon wata. Kwanakinsu na ƙarshe ke nan, ni kuma na zuba su a tanki. Na zauna a mota a bakin ofis na yi kuka, inji a kashe, don ko a nan ban manta ba. Kaicona.

Talata, 27 ga Mayu

Na mayar da kujerar but tun kafin ya tashi. Na ce masa bakanike ya ce gajeriyar tafiya na lalata inji, motar na son doguwar hanya kullum, ya taimaka ya raka ni. Ya dube ni. Ya ce, "Bakaniken nan naki akwai ilimi. Ki gaishe shi." Ya miƙa hannu ya ciro hularsa.

Na kunna mota na jira shi, esi na aiki. Ya ɗauki lokacinsa. A bakin shagon na buɗe masa kujerar da hannuna, kafin in juya har sun fara musu. Kwana huɗu kawai suka rage musu, sauran kuwa ba zan iya dawo da su ba.

Ban duba allurar mai ba yau. Mantawa na yi. Ina jin mantawa na yi.