Rundunar Gwaggo Ta Cinye Mini Kuɗin Talla

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, domin matsalata duk wanda na faɗa wa sai ya gama dariya kafin ya tausaya mini.

Ni kafinta ne. Shekara goma sha ɗaya ina aiki ƙarƙashin maigidana, sai bara na buɗe nawa shagon, ɗaki ɗaya da rumfar kwano, inda nake haɗa teburan karatun yara da kujerunsu. Aikina ba na jin kunyarsa. Teburina ko yaro ya hau ya yi tsalle ba zai girgiza ba, na gwada da nawa 'ya'yan. Sai dai shagon a lungu yake, bayan wani gareji, mai wucewa ba ya ganin komai sai tsofaffin tayoyi.

Maƙwabcina mai gyaran firji ne ya ce in biya kuɗi a tallata ni a shafin sada zumunta. Na ɗauki hoto, na zuba kuɗin katakon wata biyu, na zaɓi tsarin da duk wanda ya danna tallar ya turo saƙo sai a zare wani abu daga kuɗina. Da aka tambaye ni su wa nake so su gani, na zaɓi kowa da kowa, don a ganina babu mai ƙin tebur.

Daga nan na je na faɗa wa Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, ita ta kai ni koyon sana'a, zartona na farko ma ita ta saya. Kuma ita ce shugabar zauren danginmu na waya, mutum sittin da huɗu. Abin da ta fahimta shi ne, yawan dannawa ke sa talla ta yi nisa. Sai ta kafa doka: kowace safiya kowa ya danna, ya turo mini saƙo, sannan ya aika mata hoton shaida. Wanda ya makara sai ta kira shi ta tambaye shi ko ba ya son ci gaban ɗan'uwansa ne.

Makon farko har tafiyata ta canza. Alƙaluma na hawa, waya na ƙara ba tsayawa, na ƙaro ƙusa kwali biyu. Da na buɗe saƙonnin, duk fatan alheri ne. Akwai kawuna da kullum yake tambayar farashi don abin ya yi kama da na gaske, alhali autansa ya ba talatin baya. Na'urar shafin kuma da ta ga irin masu son tallar, sai ta shiga nemo mini ire-irensu. Yanzu har tsofaffin da ban taɓa sani ba suna sa mini albarka, ni kuma ina biya.

A mako biyar tebur ɗaya na sayar, shi ma ɗan Gwaggon ne ya saya, da ragin zumunci.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, shekaranjiya ina share saƙonni na tarar da na wata shugabar sabuwar makaranta, tana neman tebur arba'in da kujeru kafin a koma hutu. Kwana tara yana binne a ƙarƙashin fatan alheri. Na rubuta mata, ta karanta, ba ta amsa ba. Hayar shago za ta ƙare ƙarshen wata, idan ban sami aiki ba sai in koma wurin maigidana da zartona a hammata.

Matata ta ce in faɗa wa Gwaggo gaskiya. Sau biyu ina zuwa. Kowane zuwa sai ta fito da littafin da take yi wa masu dannawa maki, tana murna, bakina kuma ya yi nauyi. Anti, in ƙara kuɗi ne, ko in tsayar? Kuma da wane baki zan yi mata bayani?

Naki,
Kafinta Mai Farin Jini

Amsa:

Mai Farin Jini, na taya ka murna. Manyan kamfanoni na kashe dukiya su sami mutum sittin masu tunawa da su kowace safiya, kai kuwa kana da su kyauta, sai ka ga bai dace ba, ka fara biya.

Tsayar da tallar yau, kada ka ƙara ko sisi. Ba tallar ce ta cuce ka ba, ta yi maka abin da ka sa ta. Ka ce kowa da kowa, ta kawo maka waɗanda suka fi saurin amsawa. Gwaggo ma ba ta yi laifi ba, ta yi aiki da abin da ta sani, kai da ka san sauran ka yi shiru mako biyar. Na gane nauyin da kake ji, amma kunyar nan kuɗi take ci.

Idan za ka sake, fara da lissafi. Ribar tebur ɗaya nawa ce? Duk tallar da ke cinye fiye da haka kafin ta sayar da tebur guda, kai ke yi mata aiki. Zaɓi iyayen yara da masu makarantu, a iya nisan da za ka kai kaya. Rubuta farashi a jikin tallar, kawunka ma ya huta. Sa kuɗin kwana huɗu kawai, ka gwada hoto biyu, ɗaya ya zama na 'ya'yanka suna tsalle a kan teburin, don wannan ya fi duk wani yabo. Wanda ya kawo ciniki shi za ka ci gaba da shi, ko da ɗayan ya fi tara masu yabawa. Ka ware lambar shago dabam da ta dangi, kuma kada saƙon mai saye ya wuce awa guda ba amsa. Wannan karon ka riƙe bakinka.

Gwaggo kuwa kada ka sallame ta, ka ƙara mata girma. Macen da ta iya tayar da mutum sittin da huɗu kullum, har da littafin maki, ta fi ka iya kasuwa. Ka je da matarka, ka fara da godiya, ka nuna mata yadda kowace dannawa ke zare kuɗi. Za ta ji zafi, amma ba kamar ranar da za ta ji daga bakin wani cewa ka rufe shago ba. Sannan ka ba ta sabon aiki: kowa a rundunar ya tura hoton teburin ga iyaye uku ko malami ɗaya da ya sani. Wannan ba ya cin komai, kuma kawunka na da jikoki.

Shugabar makaranta kuma, daina zaman jiran amsarta. Gobe da safe ɗauki tebur ɗaya da kujerarsa ka kai mata har ofis. Faɗa mata gaskiyar abin da ya faru, sannan ka kira ɗalibin da ya fi kowa ƙiriniya ya hau ya yi tsalle. Wataƙila ta riga ta ba wani aikin. Ko da haka ne, ka bar mata teburin mako guda a cikin teburan wancan kafintan, yara za su yi maka alƙalanci.

Allah ya kawo kasuwa mai albarka, ya bar maka Gwaggo. Wannan addu'ar tawa ba za a cire maka komai a kanta ba.