Hotunan Baba da Hatimin Mai Hoto

Anti, ki agaje ni kafin zargi ya haukata ni.

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne. Na daɗe ina bin abokan aikinsa gida-gida ina ɗaukar muryarsu, har na rubuta tarihin tasharsu. Yanzu idonsa na dusashewa, kuma burina ya ga littafin tun yana iya gani.

A akwatinsa na samo tsoffin hotunan ma'aikata. Ni a tunanina hoton da Baba ke ciki, a ɗakin Baba, ai namu ne. Sai mai ɗab'in da zai buga mini littafin ya juya bayansu, ya nuna mini hatimin mai hoto, ya ce sai da izini. Mai hoton ya rasu, ɗansa ke riƙe da shagon. Da na je neman izini, ya karɓe ni da fara'ar da ta yi yawa, wai in kawo masa rubutun gaba ɗaya ya karanta tukuna. Me ya haɗa mai shagon hoto da babi goma na littafina? Kuma na hango tsoffin hotunan tasha jere a teburinsa na ciki, yana ganina ya ja labule. Maigidana na yi mini dariya, wai ko kaza ta kalle ni sai na ce leƙen asiri take. Ni dai zuciyata ta ce littafi yake haɗawa, da gumina zai cika shi. Tsoro nake ji, Anti.

'Yar Direba

'Yar Direba, zauna ki sha ruwa. Mai ɗab'inki ya yi gaskiya: takardar hoton taku ce, amma haƙƙin bugawa yawanci na wanda ya ɗauka ne, sannan magadansa. Doka ta bambanta, don haka ki tambayi lauya ko wa'adin haƙƙin ya ƙare.

Labulen nan ni ma bai kwanta mini ba. Sai dai wanda zai ba da aikin mahaifinsa yana da damar sanin inda za a sa shi. Ki kai masa shafukan da hotunan za su fito kawai, ki yi alkawarin rubuta sunan mahaifinsa a ƙarƙashin kowanne, izinin kuma ya zama a rubuce. In nasa littafin yake yi, ba ki da ikon hana shi. Abin da ya faru a tasha ba mallakar kowa ba ne. Jimlolinki da hirarrakinki ne naki. Su ma dattawan da kika ɗauki muryarsu, kin nemi yardarsu a buga? Kada ki tsare ƙofar gaba ki bar ta baya a buɗe.

Ki ba shi mako biyu. In ya ci gaba da ja miki rai, ki ɗauki Baba sabon hoto da hannunki, ki buga littafinki. Tsoffin hotuna za su iya jiran bugu na biyu, idon Baba ba zai jira ba. Allah ya ba shi lafiya, ya sa ya karanta sunansa da kansa.