Kaset ɗin Baba

Daren Alhamis, Kambarawa

Barci ya ƙi zuwa. Tunda mantuwa ta kama Baba, kullum bayan Isha sai ya ce a kunna mishi wasan kwaikwayon da muke kallo muna yara, lokacin da duk layinmu ke cika tsakar gidanmu. Na bincika waya har ido ya yi ja, babu. Wai me zai hana gidan talabijin su maimaita?

Jiya na tsinci kaset ɗin da ya naɗa da hannunsa a ƙasan akwatinsa. Yau na je Ƙofar Kaura, na roƙi Malam Sani mai gyaran rediyo ya ara mini tsohon bidiyo.

Muka kunna. Kiɗan farko ya tashi, maigida ya fito yana faɗa da hula a karkace, Baba ya tuntsire da dariya. Minti biyu kacal, sai ƙwallo ta shigo. Ni na naɗi ƙwallon a kai ina ɗan sakandare, kuma ban taɓa faɗa ba.

Na buɗe baki zan nemi gafara, sai ya ce, "Lawal, maido shi baya."

Sau tara na maido. Sau tara ya yi dariya.